Gwiwar Ɗanlami

Shekaranjiya ɗan ƙanwata, wanda ya gama sakandare bai sami abin yi ba, ya zauna a zaurena da abokansa biyu suna kallo na ɗora hannun wata mai tuyar ƙosai. Da matar ta tafi sai na ji yana gaya musu ai wannan ba wani abu ba ne, ja ne da ɗauri, shi a wata guda zai iya. Ban tanka ba, don a lokacin ina wanke hannu. Haka kuke ku samarin yanzu, duk abin da aka yi a gabanku cikin minti goma sai ku ɗauka a minti goma aka koye shi. To tunda kun fi yarda da takarda fiye da bakin tsoho, ga shi na rubuta muku.

Ni maɗori ne a Yelwa, garin bakin tafki, na haura shekara arba'in ina wannan aiki. A hannun kawuna Manu na koya, kuma shekara uku na farko bai bar ni na taɓa ɗan Adam ba. Ranar kasuwa yakan je wurin mahauta ya sayo ƙafar akuya da fatarta, ya shiga bayan ɗaki ya karya ta yadda ya ga dama, ya jefa a buhu ya ɗaure bakin, ya miƙo mini. Aikina in lalube ta ta cikin buhun in faɗi inda ta karye, gida nawa, a kwance karayar take ko a karkace. In na faɗi daidai ya yi shiru. In na kuskure ya ɗauki kara ya buga mini a bayan yatsu, ya ce yatsun ne ba su ji ba, don haka su za a hukunta. Da yamma a dafa ƙafar. Abin da na fara ƙwarewa a kai a gidan Kawu shi ne shan romo.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Akwai gwangwala da ake ferewa a yi karan ɗori, kowane gwargwadon gaɓar da zai riƙe. Akwai man kaɗanya, da auduga, da tukunyar ruwan zafi. Akwai ƙyalle, kuma ba kowane ba, sai tsohon zanen da ya sha wanki har ya yi laushi, don sabo santsi gare shi, kafin azahar ya kwance. Yanzu ana sayen bandeji a kemis, ina amfani da shi, amma har gobe tsohon zane ya fi shi hankali. Ɗaurin kansa ilimi ne. In ya yi sako-sako ƙashi ya goce, in ya yi tsauri jini ya tsaya, ƙafa ta mutu tana jikin mai ita. Sai ka tura ɗan yatsa ƙarƙashin ɗaurin ka ji ya shiga, ka matsa farcen mutum ka ga jini ya dawo masa. Babban kayan aikin kuwa shi ne babban yatsan hannun dama. Nawa ya faɗaɗa har ba ya shiga hannun kofin shayi.

Kawu yana da doka ɗaya da ya fi riƙewa, cewa a ɗori hannu ke tambaya, ba baki ba. Ya ce mai karaya maƙaryaci ne, ko don tsoro ko don kunya. Wanda ya faɗo daga mangwaron maƙwabci zai ce a banɗaki ya zame. Wanda ya kai wa ƙaninsa naushi ya sami bango zai ce jaki ne ya harbe shi. In ka biye wa bakinsa za ka nemi karaya inda babu ita. Don haka a zauren Kawu majinyaci yana da izinin ihu iya ƙarfinsa, amma ban da bayani. Haka na gada, haka na yi shekara talatin ina yi, kuma ban ga ta ba ni kunya ba.

Mutanen da ke zuwa, kowa da irin karayarsa. 'Yan kabu-kabu ƙwauri da wuyan hannu, kuma su ne ba sa yankewa. Masunta ƙafa ce ke shiga tsakanin jirage biyu a bakin ruwa. Bayan girbi sai 'yan kokawar Gungawa, mutanen tsibirai, kafaɗa a goce, suna rantsuwa su ne suka yi kaye. Akwai wani Bafulatani da ya taho a ƙasa daga wajen Shanga, saniya ta taka masa hannu kwana shida da suka wuce, ya ɗaure hannun a jikin sandar kiwonsa. Ina ja, ƙashin yana ƙara, shi kuwa yana kallon rana ta ƙofar zaure, ya tambaye ni ko zan gama kafin kasuwa ta tashi, don yana son sayen kanwa. Hannun nan ya haɗu sarai. Irin waɗannan ke sa maɗori ya fara jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ɗanlami da damina aka kawo mini shi, a kwance a bayan motar ɗaukar kifi. Bagunge ne daga wani gungu, wato tsibiri, kusa da Wara, saurayi dogo, bai daɗe da aure ba. Ƙwallo yake buga wa wata ƙungiya a birni, ana biyansa albashi, har a rediyo ana kiran sunansa. A fili jijiyar da ke cikin gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Ƙungiyar ta kai shi babban asibiti aka yi masa aiki, aka ce in ya bi doka zai koma fili bayan wata tara. Aka sallamo shi gida da sanduna biyu da jerin hani: ban da gudu, ban da tsalle, ban da tsugunawa har ƙasa.

Ya bi dokar mako goma, har ya ajiye sanda ɗaya. Ran nan sai surukinsa, Malam Gado, uban matarsa, ya zo duba shi. Duk wanda ya zo kafin nan a tsaye Ɗanlami ya gaishe shi, ya ɗan rusuna, kowa ya yi masa uzuri. Amma suruki daban ne, ga kuma mutane cike da tsakar gida. Malam Gado ya ce masa ya yi zamansa, kada ya wahalar da kansa, wato abin da kowane suruki ke faɗi kuma babu surukin kirki da ke ɗauka. Ɗanlami ya jingine sanda ya durƙusa har ƙasa. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Gaisuwar dai bai ƙarasa ta ba.

Abin da ya sa danginsa ba su mayar da shi asibitin can ba, tsoro ne. In ƙungiya ta ji ya karya dokar likita, tana iya sallamarsa ta ɗauki wani. Saura mako shida ya koma a duba shi, sai suka yi shawara a ɗora shi a gida a ɓoye, ya je musu a warke ba wanda ya sani. Innarsa ce ta yi mini wannan bayani a ƙofar zaure, tana riƙe da gefen mayafi.

"Malam, ƙwallon ga ita ta abincinmu duka," in ji ta. "Ka tashe shi kamin su neme shi."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago, amma ranar ban san ni ne zagon ba.

Gwiwar ta kumbura ta yi kamar duma. A gabanta akwai dogon tabo daga ƙoƙon gwiwa zuwa saman ƙwauri, da wasu ƙanana biyu a gefe. Na tambayi innar, ba shi ba, ta ce jijiya aka ɗinke masa. Ni kuwa a kaina ɗinki allura ce da zare, irin na tela, sai na wuce wurin. Na sa hannu. Ƙoƙon gwiwar ya rabu biyu, rabin sama naman cinya ya janye shi, har yatsana yana kwanciya a tsakaninsu. Na ce ya ɗaga diddige daga tabarma, ya kasa. Na taɓa ɗora ƙoƙon gwiwa kafin nan, ba sau ɗaya ba. Wanda ya tsage kawai yakan haɗu lafiya. Wanda ya rabu irin wannan yakan bar mutum da ɗingishi, abin da manomi zai iya zama da shi amma ba mai gudu a fili ba. Na san haka sarai, kuma tun a ranar ya kamata in ce su juya da motar. Ban ce ba, don ina so a ce ni na tayar da wanda ake kira a rediyo.

Can ƙasa da gwiwar, a saman ƙwauri ta ciki, yatsana ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gurjiya. Na danna, bai motsa ba. Hannu ya ba ni amsa nan take, wani ɓallin ƙashi ne ya taso daga mazauninsa. Ƙashin da ya taso kuwa magani ɗaya gare shi, a mayar da shi. Na haɗa rabin ƙoƙon biyu iya yadda suka yarda, na yi musu gammon ƙyalle na kewaye su, na miƙe ƙafar na jera gwangwala tun daga cinya har idon sawu. Sannan na koma kan ƙullutun. Kowace safiya in kwance, in gasa shi da ruwan zafi, in shafa man kaɗanya, in ɗora babban yatsa in danna da nauyin jikina. In na gama sai in aza masa 'yar sakaina in ɗaure tam, don ta ci gaba da dannawa a madadina har washegari.

Innar ta zo da jan zakara. Ku ba ku san wannan ba. A da, in za a ɗora mutum, akan karya ƙafar kaza irin wadda ya karye, a ɗora su tare, ranar da kaza ta taka an san mutum ma ya kusa. Ni na so in bar al'adar tun bayan rasuwar Kawu, amma mutanen gungu ba sa ganin an yi aiki in ba a yi ta ba. Na karya wa zakaran ƙafar hagu na ɗaure da tsinken tsintsiya. Zakaran nan ya ba da haɗin kai. Kwana goma sha biyu ya fara bin kajin matata a tsakar gida, duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa shi, a yi hamdala.

Ɗanlami kuwa ban taɓa samun majinyaci irinsa ba. Yana kwance a ɗakin da ke jikin zaurena, ba ya ihu, ba ya ƙorafi. In ina dannawa sai gumi ya karyo masa, ya kafe idonsa a kan azara har in gama, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Har misali nake yi da shi. In wani ƙato ya cika mini zaure da kururuwa a kan targaɗe, sai in ce ya leƙa ɗakin can ya ga yadda maza ke yi.

Kwana goma, fatar kan ƙullutun ta yi baƙi. Na ce jini ne ya taru. Kwana goma sha huɗu zazzaɓi ya rufe shi, na ce damina ce, sauro ya yi yawa, na aika kemis aka sayo magani. Kwana goma sha shida na fara jin wani wari in na kwance ɗaurin, warin da duk maɗori ya sani kuma ba ya son ya sani. Na ƙara wa ruwan gashin zafi. Ƙullutun dai yana nan inda yake, ko gezau. Na tuna har haushinsa na ji, na ce ban taɓa ganin ƙashi mai taurin kai irin wannan ba.

Ranar kwana na goma sha tara da safe na ɗaga sakainar, sai fatar ta biyo ta. Mugunya ta ɓulɓulo. Na sa auduga na share, sai na ga wani abu a tsakiyar ramin yana ƙyalli. Na sake sharewa. Shekara talatin ina taɓa ƙashi, na ga fari, na ga ja, na ga wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ban taɓa ganin mai ƙyalli ba. Kan ƙusa ne, zagayayye, da ɗan rami a tsakiyarsa, irin wanda makanikai ke sa ƙarfe su juya. Na rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, na wanke hannu, na tafi tasha na ɗauko mota. A asibitin garin nan suka wanke ciwon, suka yi masa allura, suka ba mu takarda zuwa Sakkwato. Na shiga motar tare da shi da innarsa. Tafiyar nan da nisa, kuma duk ramin da mota ta faɗa ina jin yadda yake jan numfashi.

Likitar ƙashin da ta karɓe shi mace ce, ba ta girmi 'yata ta biyu ba. A ranar suka shiga da shi ɗakin tiyata. Kwana uku bayan nan ta aiko a kira wanda ya kawo shi. Ta rufe ƙofar ofis, ta maƙala hoton ƙafar a jikin fitila, ta yi mini karatun da ban taɓa ji ba. Ashe jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke ba a ɗinke ta. Sabuwa ake yi. A irin aikin da aka yi wa Ɗanlami, ana yanko tsiri daga babbar jijiyar da ke gaban gwiwa, haɗe da ɗan ƙashi daga ƙoƙon gwiwar da wani daga ƙwauri. Sai a huda rami a ƙashin ƙwauri, a huda wani a na cinya, a zura tsirin ta ciki, a kafe shi da ƙusa sama da ƙasa. Wurin da aka ɗebi ƙashi a ƙoƙon yakan zauna ba ƙwari wata da watanni kafin ya cike, shi ya sa ake hana tsuguno. Ta ce wani lokaci ƙoƙon kan fashe, wani lokaci ƙwaurin ne ke karyewa ta inda aka huda. Ba kullum ba ne, amma sun san da shi, kuma suna da maganinsa: a buɗe, a haɗa, a ɗaure da waya.

Ƙusar da na yi kwana goma sha tara ina faɗa da ita, tana nan daidai inda aka sa ta, ba ta yi laifin komai ba. Ni na kashe fatar da ke kanta. Da fatar ta buɗe, ciwo ya bi jikin ƙusar ya gangara ramin, ya shiga cikin gwiwar, ya cinye sabuwar jijiyar. Sun cire ƙusoshin, sun cire jijiyar, sun cire rabin ƙoƙon da ya lalace, kuma sai sun sake shiga sun wanke. Ƙafar dai ta tsira. Zai taka ta, amma ba za ta lanƙwashe sosai ba. Na tambaye ta ƙwallo fa. Ta girgiza kai. Na tambaye ta da a ce ranar da ya durƙusa aka kawo shi.

"Aikin awa guda na, Baba," ta ce. "Da ya koma hili, ko da ya makara." Sannan ta tambaye ni, "Da mi anka danna wurin?"

Na ɗaga mata babban yatsana. Ta dube shi sosai, ta rubuta wani abu a takarda. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji a ofishin nan ban taɓa jin irinta ba, kuma ban sake ba. Iyalinsa ba su tambaye ta yadda aka yi ciwo ya shiga ba, ita ma abin da suka tambaya ta amsa musu.

Bayan wata biyu aka sallame shi ya koma gungu. Ƙungiyar ta yi masa abin da za ta iya, ta ɗauki wani. Labari ya riƙa iso mini ta bakin masu jirgi. A can kowa ya tsaya a kan cewa gaisuwa ce ta cinye ƙafar Ɗanlami. Malam Gado ya daina zuwa kasuwar Wara, ya daina zama cikin dattawa, ya daina taka gidan 'yarsa. In ya wuce sai a nuna shi da baki, ga wanda aka gaisar aka rasa ƙafa. Aka ce ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ni kuwa yabo nake sha. Ni ne Malamin da ya gane da wuri, ya bar aikinsa ya kai yaro Sakkwato da kansa. Innar ta aiko mini da kwandon bandar kifi. Ya kwana uku a rataye ban iya ci ba, matata da 'ya'yanta suka taimaka mini.

Na gaya wa matata zan je in faɗi gaskiya. Ta ce ƙafa dai ba za ta dawo ba, in bar kaza cikin gashinta. Na ce akwai tsohon da ke ɗauke da kayan laifina a can, kuma ya fi ni shekaru. Ta ce to in shirya noma. Ta fi ni hangen nesa, don shekarar da ta biyo bayan zuwan nan nawa ita ce mafi muni a sana'ata. Magana ta bi ruwa ta zagaye tafkin nan kaf, daga Ngaski har Shanga, cewa maɗorin Yelwa bai san bambancin ƙashi da ƙarfe ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. A shekarar nan na ɗora awaki, na ɗora ɗan maraƙi, na ɗora jaki ɗaya da ya cije ni. Mutum kuwa sai wanda ba ɗan gari ba. Na koma fadama na dasa albasa, inda babban yatsa ya sake samun aiki. A hankali mutane suka dawo, ba don sun manta ba, sai don ƙashi bai daina karyewa ba kuma 'yan kabu-kabu ba su rage gudu ba.

Amma aikin bai koma yadda yake ba. Yanzu in na ga tabon wuƙar likita a gaɓa, ba na taɓa ta. In karaya ta shiga cikin gwiwa ko ƙugu, ko ƙashi ya huda fata, asibiti nake turawa, wani ya tafi yana zagina wai tsufa ya sa ni tsoro. Na koyi ɗaga hoton ƙashi a rana in duba. Dokar Kawu kuwa na binne ta. Majinyacina yanzu sai ya yi bayani har ya gaji, ko ƙarya yake yi ina saurare, in ya yi shiru in ce saura me. Wannan na ƙarshen ba a Sakkwato na koyo shi ba, a bakin ruwan gungun su Ɗanlami ne.

Ranar da na je, mota na shiga zuwa Wara, daga nan na hau jirgi. Na sami Ɗanlami a kan benci a gindin bishiya, ƙafar a miƙe. Na sa aka kira Malam Gado, ya zo yana bin bango, ya zauna nesa da surukinsa. Innar na tsaye a bakin ɗaki, maƙwabta suka taru kamar yadda suke taruwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce musu gaskiya ne durƙuso ya fasa ƙoƙon gwiwa, amma wannan gyaran awa ɗaya ne a hannun masu shi. Abin da ya raba Ɗanlami da ƙwallo kwana goma sha tara ne a ɗakina, da wannan yatsan. Na faɗi yadda na ga karayar da ta fi ƙarfina na karɓa, na faɗi ƙusar, na faɗi warin da na ji na yi kamar ban ji ba. Malam Gado ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Innar ta shige ɗaki, ban sake ganinta ba. Ɗanlami kuwa yana ta kallon ƙasa.

Da na miƙe zan tafi sai ya jawo sandarsa zai raka ni. Na ce ya zauna, ya taso. Hanyar bakin ruwa yashi ce, sandar tana nutsewa, muka tafi a hankali. Mun tarar mai jirgin yana kwarfe ruwa, sai muka tsaya jira.

"Baba," ya ce, "ni na san ƙarhe na."

Na ce wane ƙarfe.

"Abin da kaka dannawa. Tun can anka gwada man shi ga hoto. Hoton ma shina cikin jakkar da nika matashi da ita ɗakinka."

"Kwana goma sha tara, Ɗanlami. Mi yah hana ka hwaɗi?"

Ya dube ni kamar tambayar ce ba ta da kai.

"Ranar hwarko na buɗe baki, kac ce in yi shiru in ciji tsumma. Sai niy yi zaton ka sani. Da nig gane ba ka sani ba kuma, kana cikin aikinka, ga mutane zaune suna kallo. Ka girmi babana, Baba. Ƙaƙa za ni ce maka ba haka na ba?"

Na tuna tsumman. Ni na tura masa shi a baki da hannuna. Sai mai jirgi ya ce ya gama. Ɗanlami ya riƙe mini gefen jirgin da hannu ɗaya har na zauna, ya yi mini addu'ar sauka lafiya, ya ce in gaida mutanen gida. Da muka ɗan yi nisa na ɗaga masa hannu ya koma. Bai koma ba. Yana tsaye a rana, ya dogara da sandarsa, har muka sha kwana, don a wurinsu ba a juya wa babba baya sai ya ɓace.